Wankin Tukwanen Dakta

Duk ranar Juma'a bayan La'asar, in na je wurin shan shayinmu na bayan kasuwar Batha, sai samarinmu sun taɓa ni. Masu tuƙi da masu ɗaukar bulo, har da wanda bai cika wata shida da sauka Riyad ba, kowa yana da abin faɗa a kan aikina. Wai Baba Ilu ya more, yana zaune cikin sanyin na'ura yana shafa tukwane da tsumma, wata ya ƙare a biya shi. Wani ma cewa ya yi in zan ajiye aiki in tuna da shi, don shi ma ya iya wanke-wanke tun yana gida. To, wanke-wanken nan ne ya kusa mayar da ni gida da jaka ɗaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aikin yake ku karanta a wayoyinku, tunda in ina magana ba kwa bari in kai ƙarshe.

Ni haifaffen Mirriya ne, kusa da Damagaram, kuma Innata maginiyar tukwane ce. Tun ban kai tsawon randa ba nake taka mata yumɓu. Ban gaji sana'ar ba, don ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Na yi tsaron shagon kwanuka a Kano, na yi dako da tafinta a bakin ruwan Kwatano, na zauna Kumasi har Turancina ya miƙe, sannan na yi shekara huɗu a Omdurman wajen wani tsoho mai ɗinkin littattafai. Ko'ina na sauka, abin da idona yake fara kaiwa gare shi shi ne mazubin mutanen wurin. Randar Sudan doguwa ce mai tsinin gindi, sai an ɗora ta a kan ƙarfe, kuma tana gumi kamar tamu. Kaskon niƙan Asante baƙi ne, da zane a cikinsa mai cin barkono. Ban taɓa zaton wannan kalle-kalle zai zama abincina ba.

Gidan da nake aiki yana unguwar Malaz, cikin tsofaffin gidajen nan masu gajeriyar katanga. Mai gidan, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar nan, likitan haƙori ne da ya daina aiki. Ni Dakta nake ce masa, ku ma haka za ku san shi. Yana saurayi aka tura shi karatu jihar Ohio ta Amurka, ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ita take yi masa girki, har ta daina shigo da naman alade gidanta saboda shi. Ranar da zai dawo ta ba shi wani ɗan tulu mai hannu da baki, irin na zuba madara, ta ce na mahaifiyarta ne. Daga tulun nan ciwon ya kama shi. Duk hutun da ya samu, abokansa na tafiya Landan sayen kwat, shi yana bin ƙauyukan Amurka yana neman tsofaffin tangaran masu ruwan ƙasa. Lokacin da na zo gidan sun haura ɗari biyu.

Bari in gaya muku irin kayan, don kalmar tukwane da kuke faɗa ba ta ɗauke su duka ba. An yi su tun kafin Bature ya ci Damagaram. Yumɓunsu rawaya-rawaya ne. A gasa shi, a yayyafa masa wani ruwa, a mayar da shi wuta, sai ruwan ya narke ya zama gilashi mai launin dabino. Wani ya fito kamar gahawar da ta ƙone, wani kamar zuma tana gangarowa, wani dabbare-dabbare kamar bayan kunkuru. Kuma ba kayan fada ba ne, kayan talaka ne: farantin gashi, kwanon kwaɓa gari, tulun madara, kwalbar ɗumama ƙafa a gado, mariƙin ƙofa, har da kaskon fitsarin mara lafiya. Inna da hannu take gini, tukunyarta biyu ba sa zama ɗaya. Su kuwa danna yumɓu suke yi cikin wani ƙoƙo mai siffa, su fitar da ɗari iri guda. Yawancin maginan ba su sa tambari ba, kuma wannan gari yana kwaikwayon wancan. In ka ɗauki tulu, ba abin da zai gaya maka inda aka yi shi da hannuwan da ya bi, sai 'yar takardar da wani ya liƙa a gindinsa tun da can. Ku riƙe maganar takardar nan.

Aikina na farko a ɗakin tangaran ba sa ni aka yi ba. An ɗauke ni ne don ƙofa da gahawa. Wata rana Dakta ya fita, na leƙa ɗakin na ga kaya a warwatse, wannan can, wancan can, kowanne da filinsa kamar masu gaba da juna. Na ce lallai gidan nan ba a san jere ba. Ni da na yi shekaru a shagon kwanuka ina raka kaya ɗakunan amare, sai na naɗe hannun riga. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, faranti cikin faranti, kwano a kan kwano, dama daidai da hagu, har kusa da rufi. Na kuma samu wani kasko mai kyau, mai zanen ƙwanson teku da rami a tsakiya, na cika shi da dabino na kai majalisa, wato ɗakin baƙi. Dakta ya dawo ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Da na yi masa bayanin jere, ya yi dariya har da tari, ya ce to a kwance auren, amma a hankali, ɗaya-ɗaya. Da ya ga dabinon kuwa sai ya ce a zuba wa tsuntsaye, don kaskon nan Amurkawa masu taunar taba ne suka yi shekaru suna tofi a cikinsa. Lawan direban gidan, Bakano, abokin wasana, ya riga ya ci bakwai. Har yau in musu ya yi zafi tsakaninmu sai in tambaye shi ɗanɗanon dabinon nan.

Mayar da kayan wurinsu ya ɗauke mu mako guda, kuma nan ne makarantata. Jerenmu na gida magana ce ta yawa, a shiga a san 'yar gidan wa aka kawo. Jeren Dakta so yake ka tsaya gaban abu ɗaya ka gan shi. Ruwan ƙasa yana shanye haske, in ka sa shi gaban katako sai ya ɓace, don haka muna shimfiɗa yadi mai launin madara a bayansa. Fitila daga gefe ake sa ta, in ta zo daga sama gilashin yana walƙiya ya rufe zanen. Akwai tulunan da hannunsu kare ne, ya miƙe jikinsa ya dafa baki yana leƙen ciki. Waɗannan ƙasa da ido ake ajiye su, don in ka ɗaga su sama ba a ganin kan karen, sai cikinsa. Kuma ba a ɗaukar tulu ta hannunsa, duk da don haka aka yi hannun. Ɗaya a wuya, ɗaya a gindi, kamar yadda ake karɓar jariri.

Kayan aikina ba su cika ƙaramar jaka ba. Burushi mai laushi na gashin akuya, tsohon farin rawanin Dakta da aka wanke har ya mutu, tocila, gilashin ido ɗaya irin na mai gyaran agogo, da ɗan farin kaki. Ƙurar Riyad yashi ce. In ka sa tsumma ka goge ta, kana kankare gilashin ne da kanka, sai dai ka ɗauke ta da burushi tukuna. Turaren wuta ba ya shiga ɗakin, ko da kuwa duk gidan yana hayaƙi saboda baƙi, don hayaƙin yana shiga ƙananan tsagogin gilashi ya zauna. Sai kuma farce. Ka ɗora kwano a kan yatsu uku ka ƙwanƙwasa: in ya yi ƙara mai tsawo lafiyarsa lau, in ya ce kwas ya tsaya, akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Wannan ba Dakta ya koya mini ba, a gaban Inna na ji shi, kuma iri ɗaya ne a Mirriya da Ohio.

Shekarun da ake haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin gari, tukwanen suka fara tafiya. In ajiye tulu a tsakiyar kanta, bayan kwanaki in same shi ya matso gaba. Lawan ya ce aljannun Amurka ne suke neman hanyar gida, a samo malami. Na zana wa kowanne da'ira da fensir, na ga a mako suna cin faɗin yatsa, duk zuwa baki. Girgizar injinan haƙa ce, wadda ƙafar mutum ba ta ji. Na bi su ɗaya-ɗaya na ɗiga musu kaki uku-uku a gindi, kamar ƙwayar gero. Da ban ƙirga faɗin yatsan nan ba, da wata guda ya ishe su su kai ƙasa. Yanzu kuna shiga jirgin kuna ɗaukar hoto, ba ku san abin da ya sa ni ba.

Masu zuwa kallo kuwa iri-iri ne. Dattawan garin nan, abokan Dakta, tambayarsu ɗaya ce: nawa? In an gaya musu sai su dubi Dakta da tausayi. Turawan da ke aiki a kamfanoni sukan tsaya su yi shiru, can wani ya ce kakarsa tana da irin wannan, a ciki take ba kaji ruwa. Faransawa suna son a yi musu bayani mai tsawo don su gyara maka. 'Yan Indiya su ne masu juya abu su dubi gindi tun kafin ka hana. Namu kuwa, in na shigo da wani, sai ya zaga ya dawo ya raɗa mini cewa a kasuwar garinsu akwai wanda ya fi wannan sheƙi, sabo fil. Dole ka san harshen kowa, ka kuma san inda za ka tsaya, tsakanin gwiwar hannunsa da kanta.

Duk wannan daga baya na ƙware a kai. Shekarata ta biyu a gidan ita ce mummunar shekara, kuma da azumi abin ya faru. Dakta da iyalinsa za su tafi Makka goman ƙarshe. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, saura wata guda ta mutu, Dakta ya ce bayan Idi zai sabunta. Kun san abin da wannan yake nufi: in bai sabunta ba, sai jirgi. Uwargidan, Ummu Faisal, tana shiga mota ta bar mini umarni cewa kafin su dawo a wanke gida kaf, labule da darduma da kwanuka. Na tambaye ta har ɗakin Dakta? Ta ce, "Kullu shai, ya Ilyas." Komai da komai. Ban ga abin mamaki ba, don a gida ma haka ake yi, kafin Sallah a sauke jere duka a wanke da toka da soso har ya riƙa ɗaukar ido.

Na shiga ɗakin na zaɓi kantar da ta fi kowace datti. Kaya talatin da ɗaya ne a kanta, gindinsu baƙi ƙirin, da wasu tsofaffin takardu da suka yi ja suka yayyage. A shagon Kano, takarda a jikin kwano alamar sabo ce, in ya tsufa kuwa barinta ƙazanta ce. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa kantar da Dakta ya fi zama a gabanta ita ce ta fi datti ba. Na fara da cikinsu. Wani ɗan tulu yana da farin zobe a ciki wanda ya ƙi fita, sai da na matsa masa lemun tsami na dirje da soso, na ji daɗin yadda ya fita tas. Sannan na cika babban baho da ruwan ɗumi da garin sabulu a tsakar gida ta baya, na jera su a ciki su jiƙa, na tafi Azahar.

Na dawo na tarar da takardu suna yawo a kan ruwa kamar ganyen shayi. Na sa hannu zan kwashe in zubar, sai idona ya kai kan rubutun ɗaya. Da ban iya Turanci ba, da na tsiyaye ruwan a magudana na ci gaba da aikina hankali kwance. Wannan ta ce garin kaza, shekara kaza. Waccan ta ce an saya a gwanjon kayan wani manomi. Wata lamba ce kawai da sunan mai tarawa. Sai wata ƙarama mai rubutun hannu mai rawa: tulun madarar Mama, da shi ta zo daga gabas a keken doki. Nan na zauna a bakin bahon.

A haka Lawan ya same ni, don shi filin jirgi kawai ya kai su ya dawo. Ya dubi bahon, ya dube ni, na gaya masa abin da takardun suke.

"Badamagare, ka yanka kanka da hannunka," in ji shi. "Shanya su, in samo maka gam, ka manna kowace inda hannunka ya faɗa. Wa zai sani? Dakta da gilashinsa biyu ma ba ya ganin lambar motarsa."

Na ce masa takardar nan ita ce iƙamar tulu. In aka kama mutum da iƙamar wani, me ake yi masa?

"Huruj, a kora shi ƙasarsu," in ji Lawan. "Amma kai ma huruj ɗin ne, da iƙamarka ta gaskiya a aljihu."

Na juya kan bahon, don takardun suna shan ruwa. Tsohon Omdurman ya sha karɓar littattafan da ambaliya ta jiƙa, kuma na ga yadda yake yi. Ba a ɗaga jiƙaƙƙiyar takarda da yatsa. Na yanka leda na riƙa zura ta ƙarƙashin kowace ina ɗagowa, in kwantar da ita tsakanin fararen takardu biyu, in danne da manyan littattafan haƙori na Dakta. Tawadar mutanen da can ba ta zuba ba, kamar tawadar allo mai kyau. Biyu ne kawai na zamani suka yi dishi-dishi, su ma ana karantawa. Na ƙirga, talatin da ɗaya cif. Takardu sun tsira, tukwane sun tsira, amma ba wanda ya san wace ce ta wane, kuma saura kwana takwas.

Washegari da hantsi na tuna da ramin gashi na Mirriya. Mata suna haɗa tukwanensu su gasa a rami ɗaya, in wuta ta mutu duk su fito launi guda, amma ban taɓa ganin an yi rigima a kan tukunya ba. Inna ba ta duba baki ko ciki, kifa ta take yi ta dubi gindi. Sai na shimfiɗa darduma a majalisa, na kife kayan duka, na ja labule ɗakin ya yi duhu, na haska tocila daga gefe. Allah Ya taimake ni ban kai ga dirje gindin ba. Inda takarda ta zauna shekaru, yumɓun ya tsaya da haskensa, kewayensa kuwa ya yi baƙi. Kowace takarda ta bar inuwarta: wannan mai siffar ƙwai, wannan mai kusurwa takwas, wannan kusurwarta ɗaya a yage. A kwana biyu na haɗa goma sha tara.

Sauran su ne suka sha ni, don takardunsu daga hannun mutum ɗaya suka fito, girmansu ɗaya. Sai na koma bayan takardun da gilashin mai agogo. Takardar da ta daɗe a manne tana ɗaukar hoton wurin: ga ɗan tudu inda ƙwayar yashi take, ga layi inda yumɓu ya yi kunya. Ka samu tudun a takarda, ka nemi yashin a gindin kwano. Wata takan ci mini wuni. Lawan da ya ce ba ruwansa, a rana ta uku shi ke riƙe da tocila, yana mita cewa da azumi a bakinsa an sa shi haska ɗuwawun tukwanen kafirai. A rana ta biyar shi ya gano ɗaya da kansa, wani faranti mai tsaga kamar ƙafar kaza, kuma tun daga ranar yake cewa Kano ce ta ceci Damagaram.

Ashirin da tara suka samu takardunsu. Saura tuluna biyu da takardu biyu. Tulunan tagwaye ne, daga ƙoƙo ɗaya suka fito, don Dakta ya sayi na biyun ne saboda ya yi kama da na tsohuwar. Gindinsu duka gilashi ne sumul, bai riƙe inuwa ba, bai ba takarda hoto ba. Takardun kuma ƙanana ne masu kusurwa huɗu, ɗaya lambar wani ɗan kasuwa, ɗaya ta tulun madarar Mama. Na ƙwanƙwasa su, murya ɗaya. Na auna su a sikelin kicin, kusan ɗaya. Na san daga cikin ɗayansu na cire farin zobe, amma sun cakuɗe a baho, ban san wanne ba, ban kuma san zoben yana da wani amfani ba. Lawan ya ce yanzu ai abin ya zo da sauƙi, ko dai wannan ko wancan, in manna in mayar kanta, in rufe bakina har iƙama ta fito. Ban manna ko ɗaya ba, har ashirin da taran. Na bar su a kife, kowanne da takardarsa a kansa, tagwayen kuma na sa takardunsu a tsakani.

Ranar jajibere bayan La'asar suka dawo. Dakta ya shigo majalisa ya ga dukiyarsa a kife a kan darduma. Na fara bayani da Larabci, da ya ƙare mini na koma Turanci. Bai katse ni ba. Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, da ciwon gwiwarsa, ya miƙo hannu na ba shi tocila da gilashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga takarda ya dubi inuwa ya mayar. A tsakiya ya ce shekara talatin yana tare da kayan nan bai taɓa sanin suna da inuwa ba. Lawan yana bakin ƙofa ya ce a lura da farantin can, aikinsa ne.

Da ya zo kan tagwayen bai dubi gindinsu ba. Ya juya na farko ya leƙa ciki, ya ajiye. Ya juya na biyu ya leƙa, ya karkata shi wajen haske, ya sake leƙawa.

"Ka wanke cikinsu?"

"Na wanke, ɗal umrak, ranka ya daɗe. Da lemun tsami."

Ya ce na tsohuwar nan ta Ohio yana da farin zobe, yatsa biyu ƙasa da baki. Bayan mahaifiyarta ta rasu ba ta ƙara zuba madara a ciki ba, furanni take sawa a tagar kicin, kullum ruwan a wuri ɗaya yake tsayawa har ya bar alama. A gaban tagar nan yake cin abincin safe shekara shida. Ya ce shi bai taɓa gane tulun da takarda ba, da zoben yake gane shi.

Ummu Faisal daga bayan ƙofa ta ce ita ta ce a wanke komai. Dakta yana nan zaune da tulu a kowane hannu, har aka kira Magariba. Sai ya ce in kawo gahawa da dabino. Na juya zan fita ya ƙara da cewa, ba a cikin kaskon nan ba.

Bayan mun sha ruwa ya tambaye ni me ya hana in manna takardar a ɗaya kawai, tunda ba zai taɓa ganewa ba. Na ce, "Da ka riƙa gaida tulun ɗan kasuwa a matsayin nata, ni kuma ina zuba maka gahawa ina kallo." Ya kaɗa finjalinsa alamar ya ƙoshi, ya tashi sallah. Maganar iƙama bai ce uffan ba. Na yi Idi da jakata a ɗaure a ƙarƙashin gado.

Bayan hutun Idi da kwana biyu Lawan ya shigo da ambulan, ya ɓata fuska, ya ce in yi haƙuri, in gaida mutanen Mirriya. Na buɗe, iƙama ce sabuwa. Ban gama zaginsa ba Dakta ya kira ni ɗakin tangaran ya miƙo mini mabuɗi. A da, ya Ilyas yake kirana, ranar ya kira ni da sunan 'yata ta fari.

"Ya Abu Hadiza, daga yau ba mai taɓa su sai kai. In na kore ka na kawo sabo, shi ma sai ya wanke su sau ɗaya. Kai ka riga ka yi naka."

Tare muka mayar da ashirin da taran, da ƙullun garin alkama irin na tsohon Omdurman, ni ina shafawa shi yana dannawa. Tagwayen kuwa suna nan a kanta ta tsakiya, kafaɗa da kafaɗa, takardun biyu a tsakaninsu cikin ɗan gilashi. Sama da shekara ashirin ke nan ina duba su a kowane irin haske. Ni ina ganin na hagu ne, Dakta ya ce na dama, wata shekarar kuma mu yi musaya ba tare da mun sani ba. Yanzu da ƙyar yake tafiya, amma kullum da safe sai na riƙe shi mun shiga, ya tsaya ya yi musu barka da asuba da Turanci, su biyun, don kada ya tsallake nata.

To, mai son kujerata, ga hanya. Ka hau jirgi ka sauka Malaz, Lawan zai nuna maka ƙofa in ka yarda ka saurari labarin farantinsa. Zan ba ka tocila da gilashi, in ja labule, ka gaya mana wanne ne tulun madarar Mama. Soson naka dai ka baro shi a gida.